Bindigar Feshi da Gwangwanin Madara

Rumasa'u, ke ce kika dawo daga bikin gidan Baffanku Sabo a Babban Giji idanunki jajur, kika ƙi cin abinci, sai da na matsa miki sannan kika faɗi abin da aka yaɓa miki a gaban dangin ango: wai uwarku ce ta tura Baffa kabari. Ba ranar aka fara faɗar maganar nan ba. Na sha jin ta ta bayan labule, a gidan suna da gidan makoki, na haɗiye shekara da shekaru saboda babanku ya roƙe ni in yi shiru. To na gaji. Gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo, kuma ba zan tafi in bar muku labarina a bakin waɗanda ko ƙofar rumfar nan ba su taɓa takawa ba. Ki karanta ke da 'yan'uwanki, kuma ku sani tun yanzu ba afuwar kowa nake nema ba.

Ku kun taso kun tarar da babanku yana gyaran injin markaɗe a bakin kasuwar Tarauni, sai kuka ɗauka sana'arsa ke nan tun asali. Ina! Feshin ƙarfe ya koya, a wata masaƙa da ke Sharaɗa, kuma a zamaninsa ba a samu mai hannunsa ba. Wata na'ura ce da suke kira bindiga, girmanta bai wuce butar shayi ba. Ana zura mata waya ta baya, wutar gas ta narkar da wayar a bakinta, iska mai ƙarfi ta feso narkakken ƙarfen a kan abin da aka nufa. Sandar inji da ta cinye sai a cike ta ta koma sabuwa, ƙarfen da ake jiye wa tsatsa kuma a lulluɓe shi da tutiya, farin ƙarfen nan na jikin kwanon rufi. Amma kafin a fesa sai an kankare ƙarfen da wata tsakuwa ta musamman da iska ke harbawa har ya yi kaushi, in ba haka ba feshin ba ya kamawa. A masaƙar ɗaki guda aka ware wa aikin, da ƙatuwar fanka mai zuƙe hayaƙi da ƙura ta watsar waje, da wata hula mai gilashi wadda tiyo ke kawo wa mai aiki iska mai tsabta a cikinta. In an tashi kuma sai a miƙa wa kowane mai feshi gwangwanin madara, wai tana wanke ƙirji. Duk mai walda da mai feshi a garin nan da wannan imani ya tashi, har gobe ma wasu na kai.

Da masaƙar ta durƙushe a zamanin soja aka yi gwanjon kayanta, sai Yaya Sabo, wan babanku, ya kawo ƙarfin aljihu, babanku ya kawo hannu. Suka sayo bindigar da injin iska da tukunyar kankara da fankar da hular, suka kafa rumfa a Gyaɗi-Gyaɗi, ba nisa da gidan da muke haya. Ni kuma ina aikin jinya a babban asibiti, a ɗakin masu ciwon ƙirji. Zan faɗi gaskiya a kan Yaya, don ba ƙiyayya ta sa ni rubutu ba: mutum ne mai kyauta da barkwanci, shi ya yanka ragon sunan biyu daga cikinku. Bai taɓa kirana da sunana ba, Likita yake ce mini don tsokana. Taurin kai ne kawai da shi wanda in ya kafe, ko gari zai taru a kansa ba ya gezau.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, garin nan ya ɗauki wani irin zumuɗi. Kowa ka gani ɗan kwangila ne ko ɗan'uwan ɗan kwangila. A rediyo ana ta cewa yanzu talaka ya samu baki, kowa zai faɗi ra'ayinsa a saurare shi. Ana gama rantsar da sababbin shugabanni, farkon damina, sai ga wani ɗan kwangila da ke bin wani sabon ɗan majalisa ya kawo wa Yaya aiki: turakun fitilar titi da ƙarafan shingen hanya, tirela guda, a fesa musu tutiya kafin ranar ƙaddamarwa. Ranar Yaya ya shigo gidanmu da tsire a takarda yana ta dariya, ya ce wahala ta ƙare, farar hula ta zo mana da arziki. Ni ma na yi murna, ba zan yi muku ƙarya ba.

Sai abubuwa suka fara canjawa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da hujjarsa. Wutar lantarki ba ta zama, janaretansu kuma ba ya iya ɗaukar injin iska da fanka a tare, sai Yaya ya cire wayar fankar. Tsakuwar kankara ta ƙare, sayo wata sai an aika Legas, sai ya sa tifa ta juye musu yashin kogi. Maƙwabta suka kai ƙara wurin mai unguwa cewa ƙura na ɓata musu shanya tana shiga makarantar Islamiyyar da ke bayansu, sai aka zagaye rumfar da tamfol ruf har ƙasa. Yashin kuma ya dusashe gilashin hular har ba a gani ta ciki, sai babanku ya rataye ta a ƙusa ya koma ɗaure hanci da tsumma. Abu guda ne Yaya bai yi wasa da shi ba: katan-katan na madara ya jibge a kusurwa, ya ce kowa ya sha biyu maimakon ɗaya.

Babanku ya fara dawowa da la'asar jikinsa na kyarma, haƙora na haɗuwa, yana cewa bakinsa ɗanɗanon ƙarfe yake. In ya fyace hanci abin da ke fitowa toka-toka ne. Da safe zazzaɓin ya sauka, ya sa riga ya koma. Zazzaɓin bai tsorata ni kamar yashin ba, don na san hayaƙin tutiya kan saki mutum, amma ƙurar yashi in ta zauna a huhu ta zauna ke nan. Na ga masu fasa dutse a ɗakinmu na asibiti, na san yadda suke ƙarewa. Na ɗora masa abin sauraren ƙirji, ya ture hannuna.

"Balaraba, ki bar ni in huta. Na sha madarata, har biyu."

Washegari da na tashi daga aikin safe, ko gida ban biya ba, na wuce rumfar da farin kayana a ƙarƙashin mayafi. Na ɗaga tamfol. Wallahi ban ga mijina ba. Ƙarar inji kawai nake ji, da wata wuta shuɗiya tana motsi a cikin farin hayaƙi, sai da na ƙura ido na gane mutum ne ke riƙe da ita. Akwai magidanta biyu da suka ɗauka aikin kankara, su ma fari fat har gashin ido. Yaya na zaune a waje a kan benci, ya gan ni ya washe baki.

"A'a, Likita da kanta! Duba-gari aka zo yi mana?"

"Yaya, ina wuni. Me ya sa fankar ba ta juyawa?"

"Hutu take. Janaretan ba ya ɗauka. Da an biya mu zan sayo babba, ki kwantar da hankalinki. Ga madara can ba ta yankewa."

"Yaya, madara ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu take tafiya. Hanyarsu ma ba ɗaya ba ce."

"To! Turawan da suka kawo injin su ne suke ba da madarar. Kin fi su sani ne?"

"Sun ba da madara, sun ba da fanka, sun ba da hula. Don me madarar kaɗai ka riƙe?"

Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce shi ya sa ba a son auren 'yan boko, komai sai sun sa masa ma'aunin zafi. Na koma gida raina na tafasa. Na yi wa babanku magana, ta inda nake shiga ba ta nan yake fita ba. Shi dai ba zai iya buɗe baki ya musa wa wansa ba, mutumin da ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Na wanke ƙafa na je Babban Giji wurin kakarku Inna, na durƙusa na yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurare ni tsaf, ta ce Allah ne mai tsarewa, sannan ta ba ni man shanu a kwalba ta ce a riƙa zuba masa a cikin madarar. Jama'a, man shanu! Na fito daga gidan nan ina hawayen takaici. A rediyo kowa ya samu baki, ni kuwa da nake kwana da masu wannan ciwo, a gidan mijina ban kai gwangwani daraja ba.

Ranar Juma'a na yanke shawara, kuma ni kaɗai na yanke ta, kada ku ɗora wa kowa. Da suka kulle rumfa suka tafi masallaci, na zaro mukulli daga aljihun rigar aikin babanku na je na buɗe. Tukwanen iskar da ke hura wutar bindigar irin namu ne na asibiti, na san yadda ake rufe su. Na rufe, na kwance tiyoyin, na naɗe bindigar a zane, na tare ɗan acaɓa ya kai ni gidan mahaifina a Unguwar Gano. Na tura ta ƙarƙashin gadon mahaifiyata, na dawo gida na ɗora tukunya. Da babanku ya shigo a gigice yana cewa ɓarayi sun shiga, na ce masa ba ɓarawo ba ne, ni ce, kuma ba za ta dawo ba sai fanka ta juya.

Washegari aka taru a kaina a gidan Inna kamar wadda ta yi kisan kai. Yaya da matarsa, da babanku, da ƙannen Inna, har mahaifina aka aika wa ya zo. Yaya ya fara da wasa kamar yadda ya saba, amma idonsa ba wasa a ciki.

"Soja sun koma bariki muna murna, ashe Likita na nan tana shirya mana nata juyin mulkin."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na sake maimaita musu komai, na ce a dakata da aikin har a samo janareta da tsakuwa, ko a yaye tamfol a kai aikin bayan gari. Yaya ya ce ranar ƙaddamarwa ba ta jiran kowa, in suka saɓa alkawari ba mai sake ba su aiki a gwamnatin nan. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya dube ni ya ce kayan mutane ne, ba ni da ikon riƙe su, in mayar. Gaskiya ya faɗa, ban yi masa musu ba. Na aika aka ɗauko, na kwance zanen na ajiye bindigar a tsakiyar tabarma, sannan na juya wurin babanku. Ban taɓa ɗaga masa murya a gaban mutane ba sai ranar.

"Malam, ga ta nan. Amma in za ka sake shiga tamfol ɗin nan da ita, ka sallame ni tun yau a gaban Inna da Baba. Gara in yi idda da in yi takaba."

Inna ta ɗora hannu a ka tana salati. Matar Yaya ta ce ba ta taɓa ganin rashin kunya irin wannan ba. Babanku ya sunkuyar da kai. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba:

"Yaya, a jira fankar."

Yaya ya kalle shi, ya kalle ni. Ya miƙe ya ɗauki bindigar ya saɓa a kafaɗa.

"Shi ke nan, Habibu, zauna wurin matarka. Shekara nawa ina kallon hannunka? Ni zan riƙe."

Ku saurara da kyau, don nan ne duk masu ba da labarin suke tsallakewa. Na sha gabansa a bakin zaure, na ce, "Yaya, kai ma huhu gare ka. Don girman Allah kada ka shiga." A gaban kowa na faɗa. Matarsa na tsaye, Inna na zaune, duk sun ji da kunnuwansu. Ya ce in matsa masa, shi ba a yi macen da za ta ɗaure shi da zane ba. Yau ga su nan da ransu wasunsu, a tambaye su mana! Amma sai kowa ya manta wannan, ya tuna zanen da na naɗe bindiga da shi.

Yaya ya gama aikin a kan lokaci, kuma ya yi kyau, don mutum ne mai kai. Aka yanka ƙyalle, aka yi tafi. Wata kwangilar ta biyo baya, wata ta bi ta. Ya sayi mota, ya biya wa Inna Makka, amma babban janaretan bai taɓa zuwa ba, don a ganinsa aiki na tafiya lafiya, me za a gyara? Mu kuwa muka ga ta kanmu. Babanku ya bar rumfar da shi ya kafa ta da hannunsa, ya fita da akwatin sifanu kawai. Damina guda cur bai yi mini magana ba sai abin da ya zama dole. Ya ci tuwona ya tashi, ko kallona ba ya yi. Mutumin da manyan masaƙu ke aikowa a ɗauka da mota ya koma tsugunno a gaban injin markaɗe, mata na yi masa tsawa a kan tattasai. Albashina ya koma riƙe gida, muka bar Gyaɗi-Gyaɗi muka koma ɗaki biyu a Ƙauyen Alu. Matan dangi suka daina gaishe ni, a wurin biki in na zauna a tabarma sai a tashi. Duk da haka na koma rumfar ba sau ɗaya ba, na kai wa Yaya abin rufe hanci, na roƙe shi ya zo a ɗauki hoton ƙirjinsa. Ya miƙo mini gwangwanin madara ya ce in jiƙa maƙogwaro, na yi surutu da yawa. Magidantan nan biyu kuwa tari ya kore su suka koma garuruwansu, har yau ban san abin da ya same su ba, kuma ba wanda ya taɓa tambaya.

Ba a rufa shekara biyu ba tari ya kama Yaya. Aka yi ta maganin tarin fuka a kemis, aka yi rubutu, aka yi turare, har aka fara raɗe-raɗin sammu. Sai da ya kasa tafiya daga ɗakinsa zuwa masallacin ƙofar gida sannan aka kawo shi, kuma ɗakinmu aka kawo shi, hannuna. Da likita ya ɗaga hoton ƙirjin a jikin fitila, ban jira ya yi magana ba na fita baranda na yi kukana. Babu maganin da ke fitar da yashi daga huhu. Muka jingina masa tukunyar iska a gefen gado, irin dai wadda ke ciyar da bindigarsa. Na roƙi abokan aikina muka yi musayar lokutan aiki don in kasance a kansa. Ni na juya shi, ni na goge masa baki, ni na riƙe shi a zaune lokacin da kwanciya ta gagare shi. Ɗan majalisa da ɗan kwangilarsa ko leƙe ba su yi ba. 'Yan dubiya kuwa suna ta zuwa, kuma kun san abin da kowa ke riƙowa? Madara. Gwangwani a kan gwangwani har durowar gefen gadon ta cika.

A nan ne Inna, tana zaune a kan darduma tana kallon ɗanta yana kokawa da numfashi, ta faɗi maganar da ta zama abin da aka yaɓa miki, Rumasa'u.

"Da Habibu ne ya riƙe, shi da ya san kan aikin, da ba a zo nan ba."

Uwa ce, zafin ɗa ne ya sa ta, na yafe mata tun tana raye. Amma waɗanda suka ɗauki maganar suka yi ta yawo da ita har ta isa kunnen jikoki, su ban san me zan ce musu ba. Ƙwarewa tana tace iska ne? Da babanku ne ya ci gaba, shi ne zai kwanta a gadon nan, kuma da ya riga Yaya, don ya fi shi daɗewa yana shaƙa. Abin da suke nufi, ko sun sani ko ba su sani ba, shi ne na yi laifi da ban bari ku ne kuka zama marayun ba.

Wata safiya ina gyara masa matashi, ba kowa a wurin, Yaya ya janye abin iskar daga hancinsa ya riƙo bakin mayafina. Kalma ɗaya-ɗaya yake fitarwa, yana hutawa a tsakani.

"Likita. Fankar nan tana bayan rumfa. Lafiyarta ƙalau. Ki ce Habibu ya ɗauka."

Sannan ya nuna durowar da ido ya ce in kwashe gwangwanayen in ba masu jinya. Bai ƙara wata magana a kai ba, ni ma ban nema ba. Ba wanda ya ji sai ni, shi ya sa ban taɓa faɗa wa kowa ba sai babanku, don wa zai yarda da shaidar wadda ake tuhuma? Da Yaya ya rasu, bayan sadakar bakwai, babanku ya je ya duba. Tana nan jingine da bango, ya jona ta a wutar maƙwabta ta tashi nan take. Ya dawo gida ya zauna a bakin gado ya yi kuka irin wanda bai yi a maƙabarta ba, kuma tun ranar bai sake juya mini baya ba.

Turakun nan suna nan a tsaye har yau, in za ku asibiti kuna wuce su, ko ɗigon tsatsa babu a jikinsu. Ni ba na iya kallonsu, in mota ta zo wurin sai in juyar da kai. 'Ya'yan Baffanku kuwa kada ku yi faɗa da su, marayu ne, abin da aka faɗa musu suke maimaitawa. Duk wanda ke son ji ya zo ya same ni ina da sauran numfashi. Ke kuma Rumasa'u, in maganar ta sake damunki, ki bari sai babanku ya yi sallar azahar ya kishingiɗa a zaure kamar yadda ya saba. Ki je ki tsaya a bakin ƙofa, kada ki tashe shi. Ki saurari yadda iska ke shiga ƙirjin tsohon nan tana fita ba tare da ya nema ba. Abin da na naɗo a zanena ranar Juma'ar nan ke nan, kuma ko yau aka mayar da ni, zan sake ɗaukowa.